Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar Timiro Mai Nonon Raƙumi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa abin latsawa, Timiro Dirie, mai sayar da nonon raƙumi a kasuwar Burao ta ƙasar Somaliyawa, tana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar wayarta, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Laraba da hantsi, sanadin faɗawa cikin tukunyar shayi.

Marigayiyar ta zo hannun Timiro tun tana goyon autarta, wadda yanzu take aure a Jidda. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba, ba ta san intanet ba, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Caji ɗaya yakan kai ta Juma'a zuwa Juma'a. Lambobinta sun goge tuntuni, amma babban yatsan Timiro ya san gidan kowacce. Mai sayen nono zai latsa tasa ya turo kuɗi, ita ta ce "ƙit-ƙit" daga cikin gyale, ciniki ya faɗa. Shekarar babban fari, lokacin da raƙuman yayanta Warfa suka fara durƙushewa a jeji, ta bakinta saƙon kuɗi daga Jidda ya iso, ta bakinta ya wuce wurin mai tankar ruwa kafin la'asar. Garken yana nan har yau.

Ciwon ajalinta ya sauka ne a filin jirgi da jakar goyo. Liban, ɗan ƙanen Timiro, ya dawo daga Turai da kamfani mai kyakkyawan tambari da ma'aikata biyu. Ya bayyana wa dangi cewa ya zo ya koya wa Somaliyawa tura kuɗi ta waya. Aka miƙa masa shayi. Motar da ta ɗauko shi ma marigayiyar ce ta sallami direbanta.

Masu zuba masa jari suna son ganin bidiyo, don haka ya zo rumfa da mai kyamara da wata faffaɗar waya kamar faranti.

"Gwaggo, ki ce ba ki taɓa shiga banki ba."

"Ban taɓa ba. Me na manta a can?"

"Yauwa. Amma ki faɗa da tausayi."

Manhajarsa ta nemi adireshin imel, ta nemi hoton fuska, ta ce fuskar ba ta Timiro ba ce, sannan ta kama juya wani ɗan zobe. Masu sayen nono suka gaji da tsayuwa, suka biya ta 'Yar Baƙa. Tana ta "ƙit-ƙit" tana ɓata masa ɗauka. A nan Liban ya kawo shawarar a nuna gwaggo tana jefa tsohon zamani cikin kwando. Ta ƙi. Ya ce bari ya nuna mata yadda ake yi. Kwandon yana dama, tukunyar shayin maƙwabciyarta Hibo tana hagu.

An tsamo ta tana ƙamshin citta da kanumfari. An kwantar da ita cikin shinkafa kwana biyu. Ta haska sau ɗaya, ta yi wani siririn "tiii", ta tafi. Timiro ba ta yi kuka a kasuwa ba. Sai da ta tuna Warfa zai kira daga jeji ya ji shiru, sannan ta ja gyale ta rufe fuska.

Ta rasu ta bar layinta, wanda ya tsira da ɗan ƙuna. Da caja mai ɗaurin leda. Da robar da ke riƙe bayanta. Da 'yan uwa irinta a aljihun kowane mahauci, direba da makiyayi a garin, duk suna bakin aiki. Liban ya aiko da ta'aziyya daga Nairobi, inda bidiyon ya ci lambar yabo.

Za a kai gawar rumfar Jama mai gyara bayan azahar, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Ana karɓar gaisuwa a rumfar nono. Ba a yarda da kyamara ba. Mai niyyar gudummawa ya tura ta tsohuwar lambar, layin yana cikin wayar Hibo. Ana roƙon kada a bi ta manhajar Liban, domin iyalan suna fatan yin sadakar uku a cikin wannan shekarar.