Jaririn da Ke Cikin Silin Gareji

Lokacin kullen korona ina direba a Madinat Khalifa ta ƙasar Qatar, zafi yana dafa ni a garejin kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki. Na sayo soso mai tare zafi zan liƙe silin. Ɗanjuma mai gadi ya ce, "Yaya, sai da izinin baladiyya fa, hukumar gari, su zo su duba." Na ce ni da na rufa ɗakin Inna a Funtua? Na toshe ko'ina tsaf.

Washegari da azahar, unguwa tsit, sai na ji jariri yana kuka a saman kaina. Na ja Ayatul Kursiyyu, aka fara yaƙushi daidai inda nake tsaye. Na matsa, aka biyo ni. Ba damar gaya wa kafil, don in ya ga aikin tasa ƙeyata gida zai yi.

Sai da matarsa ta tayar da gidan da neman kyanwarta na faɗi maganar kukan jaririn, aka fasa silin, kyanwar ta faɗo kafaɗata. Kafil ya yi dariya har da hawaye, ya ƙyale ni.

Har aka gama Kofin Duniya, ina shiga wurin shayi sai wani ya ce, "Baban jariri, an yaye shi kuwa?"