Ranar da Na Yi wa Malamina Faɗa

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a ɗakin taron cibiyar horas da malamai da nake aiki a Daura. Ni ne mai kula da kwamfutoci, kuma a lokacin ji nake duk masarautar nan ba wanda ya kama ƙafata a harkar na'ura.

An ba ni aikin haɗa kwas na koyar da lissafi, wanda malaman firamare na karkara za su yi ta wayoyinsu. Duk wanda ya kammala, manhajar karatu ta cibiyar za ta fitar masa da takardar shaida, kuma da ita za a nemi ƙarin girma a wannan shekarar. Na yi wata biyu ina ɗaukar bidiyo ina tsara tambayoyi (har sabuwar hula na saya saboda bidiyon). Da na gama, Hajiya Binta, wadda ta riga ni fara aiki a cibiyar, ta leƙo ofis ta ce, "Malam, ka ɗaure shi a tsarin SCORM kuwa kafin ka ɗora?"

Na ce, "Hajiya, bidiyo yana buɗewa, tambayoyi suna fitowa. Me ya rage?"

Ta ce, "To, shi ke nan." Ni kuwa na watsa fayilolina a manhajar yadda suke, na tafi ina cika baki.

Bayan sati shida na buɗe jerin sunaye. Malamai talatin da biyu, gaban kowane suna an rubuta bai fara ba, ga shi saura kwana shida a rufe karɓar takardu. Raina ya yi mummunan ɓaci. Ko sau ɗaya ban zargi kaina ba. Na kira taro, suka zo daga Sandamu, daga Baure, wasu har daga wajen Kongolam, yawanci a kan babur. Na haska sunayensu a bango, na gyara hula, na shiga faɗa. Na ce lalaci ne. Na ce waya in dai ta kallon barkwanci ce kowa gwani ne. Allah Ya yafe mini, har tebur na buga.

Can baya wani dattijo ya miƙe a hankali. Sai a lokacin na gane shi: Malam Sule, wanda ya koya mini lissafi a aji huɗu a Baure. Ritayarsa ta kusa, wannan ce damarsa ta ƙarshe ta samun ƙarin girma.

Ya ce, "Ɗana, ka gama?"

Na ce, "Na gama, Malam."

Ya zaro wani littafin rubutu daga jakarsa. Ya ce, "Mu can sabis ɗin waya sai an hau tudun bayan makaranta. Kullum bayan la'asar can nake zuwa in kalli darasinka, in kwafe shi a nan. Ga su duk goma sha biyun. Sai dai a darasi na bakwai, tambaya ta uku, amsar arba'in da takwas ce, ba arba'in da shida ba. Ka gyara."

Kafin in buɗe baki, sai ga littattafai suna ta ɗagowa ko'ina a ɗakin. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya Binta ce ta cece ni. Ta ce musu manhajar ba ta ganin abin da ake yi cikin darasi, sai darasin ya gaya mata wa ya buɗe, ina ya tsaya, maki nawa ya ci. Tsarin SCORM da ta tambaye ni a kai shi ne ƙa'idar da masu haɗa darussa da masu haɗa manhaja suka yarda da ita don su fahimci juna, kamar mudun da kowa ya amince da shi a kasuwa. Nawa kwas ɗin bebe ne, shi ya sa bai ba da labarin kowa ba. (Ba ta ce musu ai ta tuna mini tun farko ba, kuma har yau ina gode mata.)

Na durƙusa gaban Malam Sule na nemi gafara, sannan na nemi ta sauran. Kwana biyu muka yi da Hajiya muna sake ɗaure kwas ɗin. Tunda sun riga sun yi karatun, tambayoyin kawai suka sake amsawa. Ranar Alhamis takardu suka fito duka, kuma Malam Sule ne ya zo na ɗaya. Ƙarin girman ma ya samu.

Yau wata cibiya a wata jiha, mai manhaja daban da tamu, tana amfani da kwas ɗin nan ba tare da an taɓa ko waƙafi ba, kuma ba na ɓoyewa, ina alfahari da shi ƙwarai. Amma yanzu duk kwas ɗin da na ɗora, sai na shiga a matsayin ɗalibi na tabbatar na'urar ta gan ni, kafin in ce wani bai yi aiki ba.

Littafin nan Malam Sule ya bar mini shi, yana cikin durowata. A ƙasan darasi na bakwai ya rubuta da jan biro, kamar yadda yake yi mini a aji huɗu: "Da kyau, amma ka riƙa duba aikinka."