Yaƙin Isiyaku da Gaisuwar Minti Goma Sha Ɗaya

Da sunan Allah da ya halicci bijimin sa, ya kuma hore wa ɗan Adam wuƙa. Bayan haka, wannan tarihin gwarzo ne ɗan gwarzo, Isiyaku ɗan Malam Haladu Mai Kilishi, jikan Bawa Kada Bajimi, tattaɓa-kunnen Tanko wanda aka ce ya taɓa feɗe raƙumi tsakanin azahar da la'asar bai nemi ruwan sha ba. Isiyaku na Gumel, barden allon waya, sadaukin babban yatsa, dodon masu cajin waya na bakin kasuwa, mai difloma a ƙarƙashin katifa, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Daraktan Yaɗa Labarai a rumfar da ba ta wuce taku shida ba.

Asalin fitinar kuwa shi ne, duk ɗan da aka haifa a gidan nan yana da aiki a kan kilishi. Wani ya yanka nama sala-sala, wani ya dama labu, wato haɗin ƙuli da yajin da ake tsoma naman, wani ya gasa. Shi Isiyaku rabonsa tun yana yaro korar ƙuda ne daga kan shanya, da mafici, cikin rana tsaka. Shekara talatin da ɗaya a duniya, ga gemu har ya fara cika, mutumin naku ya ce ya gaji da wannan muƙami. Sai uban ya gindaya masa sharaɗi a gaban 'yan'uwansa: nan da Juma'a, in wayar nan tasa ta kawo baƙo ko guda ɗaya wanda ya sa hannu a aljihu ya sayi kilishi, an sallame shi daga shanya har abada. In ba ta kawo ba, to maficinsa na nan a rataye.

Da ma gwarzon ya halarci wata bita ta yini guda a Dutse, inda ya kwaso hikimar da ya dawo yana ta maimaitawa har da masu zuwa aron tsintsiya, cewa bidiyo ɗaya tamkar bijimin sa yake, ba a yar da komai nasa. A ɗauka sau ɗaya, a daddatsa, kowace kasuwa a kai mata yankin da take so.

Ranar Litinin da hantsi aka ja dāga. Aka sa wa Malam Haladu farar babbar riga, aka zaunar da shi a gaban tulin kilishin da gidan suka kwashe mako suna haɗawa, aka ce ya yabi hajarsa a taƙaice. Tsoho ya gyara murya, ya yi sallama, ya yi salati. Daga nan ya gai da Liman, ya gai da mai unguwa, ya gai da Sarkin Fawa da muƙarrabansa, ya gai da surukansa na Maigatari ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambaye su ya ruwa, ya gajiya, ya ƙafar Alhaji Garba, ya yi wa mutanen Gagarawa ta'aziyyar rasuwar da aka yi tun bara, ya yi wa wasu barkar haihuwa. Minti goma sha ɗaya cur Isiyaku na riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo, gumi na bin ƙeyarsa. Sai a rabin mintin ƙarshe ne dattijon ya tuna, ya ce af, akwai kuma kilishi a rumfarsa ta bakin tasha, ga wanda yake so.

Da Isiyaku ya ce zai datse gaisuwar ya bar maganar kilishi kawai, uban ya dube shi sama da ƙasa.

"Wanda ya yanke gaisuwata ya yanke zumuncina," in ji shi. "Ka yayyanka yadda ka ga dama, amma ko sunan mutum ɗaya ya faɗi ƙasa ban yafe ba."

To fa. Nan aka ga azama, aka ga jarunta irin wadda marubuta tarihi ke zubar da tawada a kanta. Sadaukin ya zauna a kan turmi, ya zare babban yatsa, ya faɗa wa bidiyon nan ta gabas da yamma, yana sara yana jerawa, bai ci ba bai sha ba sai fura kofi biyu, har Allah ya ba shi nasara ya tsaga shi gida ashirin da biyu ba tare da ya zubar da sunan kowa ba. Sannan ya raba rundunarsa bisa tsarin manyan mayaƙa. Gaisuwar Liman da Sarkin Fawa ya tura su Fesbuk, dandalin dattawa. Surukan Maigatari da ƙafar Alhaji Garba suka hau Wasaf. Ta'aziyyar Gagarawa, don tsabar fasaha, ya sa mata kiɗa a ƙasa ya cilla ta Tiktok. Bai tsaya nan ba, ya zare muryar gaisuwar zalla ya ɗura ta a lasifika, ya ɗaure a baro, ya tura da kansa daga bakin tasha har cikin 'yan hatsi, yana tafe yana kirari.

"Sai ni Isiyaku, mai yanka ɗaya ya ciyar da kasuwa goma!"

Yanki na ashirin da biyu kuwa, wanda shi kaɗai ne ya ambaci kilishi da inda rumfa take, sai ya ɓoye shi ya ce sai safiyar Juma'a, wai gwanin yaƙi ba ya fara fito da babban makaminsa. Ni dai da ya tambaye ni da na ba shi shawara, amma wa ya isa ya yi wa Darakta gyara?

Kafin azahar ɗin Talata saƙonni sun cika waya maƙil, gwarzo ya buɗe da rawar jiki, sai ya tarar kowa cewa yake lafiya lau, muna amsawa, Allah ya ƙara girma. Abin da bitar Dutse ba ta koyar ba shi ne, a ƙasar nan in dattijo ya riga ka gaisuwa, kuma ya kira sunanka a bainar jama'a, ka shiga kunya, ba ka fita sai ka taka ka je ka rama. Zumunci a ƙafa yake.

Laraba sai ga su. Mutanen Maigatari mota guda, na Gagarawa a kan babura, Alhaji Garba da sandarsa ya zo nuna ƙafar da aka tambaya. Malam Haladu baki har kunne, ya sa aka shimfiɗa tabarmi. Kuma tunda ba a barin baƙo ya koma hannu rabbana, duk wanda ya tashi tafiya sai a naɗe masa kilishi a takarda a ce ya kai wa yara. Isiyaku na tsaye yana kallon tulin nan yana zaizayewa. Kwana biyu ana wannan hidima, ba wanda ya tambayi farashi, don wa zai yi ciniki a wurin gaisuwa?

Safiyar Juma'a ya saki babban makami. Kuma wallahi ya yi aiki, a ba gwarzo haƙƙinsa. Ana saukowa daga masallaci sai ga wata mata a mota, Hajiya Tabawa, 'yar kasuwa daga Haɗeja, ba dangin iya ba na baba, ta ce a waya ta gani, a auna mata kilishi mai yawa za ta yi tsaraba. Isiyaku ya ji kamar ya yi guɗa. Aka duba faranti, aka duba kwali, aka kakkaɓe takardu, abin da ya rage bai wuce tafin hannu ba. Hajiya ta ce ba komai, a ba ta hakan, ta buɗe jaka.

"Haba Hajiya," in ji Malam Haladu, "ki taso tun daga Haɗeja in karɓi kuɗinki a kan wannan ɗan abu? Mayar da jakarki."

"Baba, don girman Allah ka karɓa, ko yaya ne," in ji Isiyaku.

"Kai dai ba ka da kunya," in ji uban, ya miƙa mata kyauta, ya ce ta gai da mutanen gida.

Da ƙurar motar ta kwanta, dattijon ya yanke hukunci cikin natsuwa. Ya ce wayar nan tana da albarka, bai taɓa ganin abin da ya sada zumunci kamarta ba, amma magana ɗaya ce, ba wanda ya saya. Saboda haka gobe da hantsi Darakta ya kasance a bakin shanya, don za a yanka sabon sa. In rana ta yi sanyi kuma ya zo da wayar, domin dangin uwar shi dattijon na Sule Tankarkar sun aiko cewa an gai da kowa ban da su.