Kawu a Kan Jadawali

"Ku ba ni wata ɗaya tal," in ji Darakta. "In garin nan bai koma kwana a kan katifar Kawu ba, ku karɓe digirina ku hura wuta da shi."

Kada ka ɗauka wani kamfani ne ya naɗa shi darakta. Shi ya naɗa kansa, ranar da ya dawo daga jami'a da jakar kwamfuta a kafaɗa da gilashin da ba likita ne ya rubuta masa ba. Ka san halinmu 'yan jami'a in mun fito da zafinmu: kowane shago muka gani sai mu ga kuskure goma, alhali ko allura ba mu taɓa sayarwa ba. Shekara guda yana zaune a gida, Umma na aikensa sayen gishiri, har ta gaji ta kai ƙararsa wurin ƙaninta mai shagon katifa da filo.

Kawu ya saurari lakcar har ƙarshe yana sakace haƙori. Darakta ya bayyana masa cewa kasuwa yanzu ta tashi daga bakin titi ta koma cikin waya, kuma mutane ba katifa suke saye ba, fuskar mai katifa suke saye. Kawu ya shafa fuskarsa, ya ce shi dai shekara talatin yana ɗauke da ita ba wanda ya taɓa tayawa. Amma ya yarda da gwaji. In abin ya yi kyau, akwai kujera da fanka da albashi. In ya ɓaci, akwai gurbi a cikin masu dakon katifa, su kullum suna neman mai faffaɗan kai.

Dabarar Darakta ita ce, ba zai tsaya yana ɗora talla kullum kamar 'yan koyo ba. A yini ɗaya zai ɗauki hotunan wata guda, ya zuba su a manhajar da ke sakin talla da kanta, ya saita wa kowanne rana da lokaci, shi kuma ya koma gefe yana tunanin manyan abubuwa. Ya sa aka kwaso kayan sawar Kawu kaf daga gida. Bawan Allah ya yini yana tuɓewa yana sakawa a bayan tulin filo. A sa shi ya yi dariya, a sa shi ya jingina da motar shago, a sa shi ya yi tsalle a kan katifa da tumbinsa, a sa shi ya kwanta ya rufe ido. A ƙarƙashin kowane hoto Darakta ya rubuta magana kamar a lokacin ake yin ta, domin a cewarsa mai saye yana son ya ji ɗumin abu.

"Yanzu ko mutuwa na yi, Kawu, shagonka zai ci gaba da magana."

"Allah ya sa ya san abin da zai faɗa," in ji Kawu, yana neman hularsa.

Makon farko lafiya lau. 'Yan uwa suka yi ta yabo a ƙarƙashin hotuna, wata mata ta zo ta sayi filo biyu. Darakta ya fara tafiya yana buɗa hannuwa kamar mai ƙurji a hammata.

A mako na biyu yayan matar Kawu zai tashi daga gidan haya, ya roƙi aron motar shago. Kawu ya san mutumin, in ya ari mota sai ta dawo da tari. Ya ce masa ai ya yi tafiya da ita, sai jibi. Ya kai motar bayan gidansa ya ɓoye, ya shige ɗaki ya kashe waya. Da hantsi manhaja ta yi aikinta: ga Kawu jingine da motar, haƙora a waje, an rubuta, "Ga ni a shago yanzu haka, mota na jiran mai buƙata." Surukin ya taho shago a fusace, babu Kawu. Ya kira ƙanwarsa, ta ce ai yana ɗaki yana barci. Mutum ɗaya, a wuri uku. Sai da aka yi zaman sulhu, motar kuma ta tafi aro, ta dawo da tarin da aka guda har da ɗingishi.

Darakta ya ce wannan ba laifin tsari ba ne, laifin rashin sanar da sashen yaɗa labarai ne. Nan gaba in Kawu zai yi ƙarya, ya ba shi sanarwa tun da wuri a saka ta a jadawali.

Ba a rufa mako ba ciwon ciki ya kayar da Kawu, ciwo na gaske, har aka yi masa aiki aka ba shi gado. Matarsa ta bi dangi da waya tana sanarwa. Kowa ta kira sai ya yi dariya ya ce a gaishe shi, yanzun nan suka gan shi yana tsalle a kan katifa, "cikin ƙoshin lafiya kamar kullum". Waɗanda suka ji labarin mota kuwa cewa suka yi, wannan karon kuma aron me ake gudu? Kawu na kwance yana kallon gadajen maƙwabta, kowanne an kewaye shi da 'yan dubiya da kuloli da lemo. Nasa teburin daga magani sai kofin roba. Mutumin da bai taɓa barin dubiyar kowa ta wuce shi ba.

Da Darakta ya shigo, Kawu ya yafito shi da yatsa, ya yi magana a hankali saboda ɗinki.

"Ɗan nan, ka hana wannan mutumin na cikin waya tsalle. In na sake jin ya yi dariya, ka je ka auna kanka da katifa."

A nan ne Darakta ya nuna cewa karatu bai tafi a banza ba. Ya zauna a barandar asibiti, ya rubuta da hannunsa cewa mai shago na kwance an yi masa aiki, a taya shi da addu'a. Sannan ya buɗe manhaja ya bi sauran hotunan yana gogewa: mai dariya, waje, mai tsalle, waje, mai ɗaga babban yatsa, waje. Guda ɗaya ya bari, don ya ga ya dace da halin da ake ciki, babu dariya babu tsalle. Shi ne wanda Kawu ya miƙe samɓal a kan katifa, ido a rufe, hannuwa a ƙirji, farin zanen gado har wuya. Tun farko ya cire masa launi ya mai da shi baƙi da fari don ya yi kama da na manyan kamfanoni, kuma da gangan bai rubuta komai a ƙarƙashinsa ba. A aji an koya musu cewa hoton da ba bayani yana sa mutane tambaya, sai washegari a saki amsa. Amsar kuwa, wadda ke cewa wannan ita ce sabuwar katifarmu mai laushi, tana da Kawu a zaune yana dariya. Ita ma ya goge ta, ta bi 'yan uwanta.

Hoton ya fita da safiyar ranar da aka sallami Kawu. Darakta na tasi tare da shi da matarsa, wayarsa sai rawa take a aljihu. Ya leƙa ya ga adadin masu kallo na hawa kamar farashin mai, bai tsaya karanta abin da suke rubutawa ba, ya yi murmushi ya mayar. Ya bari sai an isa gida ya yi albishir.

Tun daga bakin layi tasi ta kasa shiga. Motoci, babura, kujerun roba har tsakiyar titi. Masu dakon shago sun rufe shago sun zo suna share ido. Umma na zaune a ƙofar gida an rirriƙe ta. Surukin nan mai aron mota yana tsaye yana shaida wa jama'a cewa bai taɓa ganin mutum mai kyauta irin marigayi ba.

Marigayi ya buɗe ƙofar tasi ya sauko, dafe da ciki.

Ban san ko ka taɓa ganin dattijo ya tsallake kwata da kujera a hannu ba. Aka watse, aka bar takalma. Umma ta ƙura wa ƙaninta ido, ta taɓa shi ta ji ɗumi, sannan ta juya tana neman ɗanta da idon da ya sani tun yana yaro.

Wani ya miƙa wa Kawu waya. Ya daɗe yana kallon gawarsa. Darakta ya gyara gilashi, ya matso ya ce a duba ɓangaren alheri: ga dubiyar da Kawu ke nema ta zo har gida, kuma a tarihin shagon ba a taɓa samun tallan da ya zagaya haka ba.

"Mutum nawa suka gani?" in ji Kawu.

"Sun haura dubu ashirin, Kawu. Kuma ko sisi ba mu kashe ba."

Kawu ya gyaɗa kai. Ya zare wayar Darakta daga hannunsa ya jefa a nasa aljihun.

"Madalla. Dakon katifa ma ya jira. Za ka bi su gida-gida da ƙafarka, ka gaishe su, ka ce musu ina raye."

"Dukansu, Kawu?"

"Ba sai a yini ɗaya ba. Ka tsara musu jadawali."