Furen Sifen da Mai Girma

Jama'a, yau da safe na ɓata a gonata. Na shiga neman tunkiya ɗaya, tsiron nan da muke kira furen Sifen ya kai mini ƙirji, ko shingena ban iya hangowa. Sai da maƙwabciyata Noreen ta hau tarakta tana ƙwala kira: "Clarrie! Ɗaga hularka in san inda zan turo kare!"

A tsibirinmu na Tasmaniya wa bai san furen nan ba? Iyayenmu mata ne suka dasa shi a bakin ƙofa, don yana fure fari ƙal a tsakiyar hunturu. Ya tsallake katanga, ya bi titi, ya shigo makiyaya. Tumaki ba sa cin sa, ciyawa ba ta tsira a ƙarƙashinsa, da rani kuma ashana ɗaya yake jira.

Amma kada ku ce manyanmu na barci. Suna turo injin yankan ciyawa duk shekara, Allah ya saka musu, sai dai ba ya zuwa sai irin ya nuna. Ya yanka a nan, ya karkaɗe a ƙofar wani. Ni ban taɓa ganin manomi mai himma kamar injin nan ba.

Makon jiya Mai Girma Sarkin Yaƙi da Ciyayi ya zo da kansa, da motoci da masu hoto. Ya sa safar hannu sabuwa fil, ya tsuguna, ya tuge wani ɗan tsiro. Noreen ta raɗa mini: "Wannan ai itacen da 'yan makaranta suka dasa ne." Muka tafa.

Aka shiga zauren taro shan shayi da gasasshen nama. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za a fara feshi?"

Ya ce, "Tambaya mai kyau, dattijo. Za a kafa kwamiti."

Yana magana yana shafa furen Sifen ɗin da aka ƙawata teburinsa da shi. Ya shinshina, ya ce, "Kai, wannan abu da kyau! Me ake kiransa?"

Noreen, mai ladabi, ta ce, "Ranka ya daɗe, namu ne na gida. A ɗaure maka?"

Dami biyu aka sa masa a bayan mota, har da saiwa, wai uwargida tana son lambu.

Gidansa na ƙetaren kogi, inda furen bai taɓa leƙawa ba. Mutanen ƙetare, barkanku da baƙo. Ba ya cin abinci da yawa, gona kawai.