Yadda Za Ka Gyara Kwamfutar da Tagoginta Suka Ƙi Dawowa, Ko da Ba Ka San Komai Ba

Shekara talatin ina gyaran motoci a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu da gareji, ban taɓa ce wa mai mota "ban sani ba". Bi matakan nan, na lamunce maka za ka fita da mutuncinka.

Ka riga ka cika baki a gidan surukanka na Omdurman cewa babu injin da ya gagare ka. Yau yayar matarka, Awadiyya, ta dire maka kwamfutar 'yarta Nuha. An kashe an kunna, allo baƙi ƙirin, kibiya kaɗai ke yawo, tagogin aiki sun ƙi fitowa. Binciken Nuha na gama jami'a yana ciki, gobe za ta miƙa.

1. Saurari inji
Kara kunne a jikinta, ka ɓata rai. Tambayi, "Tun yaushe take wannan ƙarar?" Babu ƙarar da take yi, amma Awadiyya za ta ce sati biyu.

2. Kashe, kunna
Sau uku. In Nuha ta ce, "Kawu, na yi haka sau goma," ka ce, "Da hannunki kika yi, ba da nawa ba."

3. Nemo mai laifi
Zafi, ƙura, ɗauke wuta, duk suna nan kyauta. Amma kada ka kai ta gareji a hura mata iskar taya. Na taɓa yi, maɓalli huɗu suka tashi sama, uku muka tsinto.

4. Ja lokaci har fatur, wato karin kumallo
Ƙarfe sha ɗaya tiren wake zai shigo, kuma ba a aiki abinci na jira. Ajiye kwamfutar kusa da Nuha, ka juya baya. Ci a hankali, nemi shayi. Za ta kira ƙawarta Duha, su buɗe wani baƙin akwati a allon, Nuha ta rubuta kalma uku, tagogi su dawo. Kada ka waiga.

5. Karɓi yabo
Wanke hannu, danna maɓalli ɗaya, kowanne. Awadiyya za ta ce, "Masha Allah, Hajji, har an gama?" Kalli Nuha ido cikin ido. Yarinya mai tarbiyya ba ta ƙaryata babba gaban uwarta. Za ta ce, "Tamam, ya yi daidai, Kawu," tana cije leɓe.

Gargaɗi: in yarinyar ba ta da ƙawa, ko ba ta da kunya, ko binciken ya salwanta, ban san ka ba. Ni bakanike ne, aka ce maka malamin jami'a ne?