Rasuwar Gwaggo, Taraktar Gidanmu

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Auta, a madadin yayana da yayata da iyalan gidanmu baki ɗaya, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin hatsin da ta ɗauko, rasuwar taraktarmu, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, da la'asar sakaliya, a kan hawan da ke tsakanin fadama da bakin hanya, da kaya a bayanta. Ta haura shekara arba'in a hannunmu, ban da waɗanda ta yi a hannun mutumin da ya sayar wa mahaifinmu ita.

Na san ƙarfe ce. Malamin unguwarmu ya riga ya ja mini kunne cewa ba a yi wa ƙarfe addu'ar mamaci, na kuwa ji, ban kuma ce a yi ba. Amma da na tambaye shi ko an hana yi wa ƙarfe kuka, sai ya sauya zance, don ita ce ta kwaso tubalin da aka gina ɗakinsa da shi.

Ina goye Baba ya shigo da ita gida, ja jawur a lokacin. Mahaifinmu shi kaɗai iyayensa suka haifa, ba wa ba ƙane. Da mutane suka taru kallo, sai ya dafa ta ya ce yau shi ma ya samu 'yar uwar da za ta kama masa aiki. Ƙanwar uba kuwa gwaggo ce. Haka muka tashi muna kiranta, haka 'ya'yanmu suka tashi suka ji, har akwai jikan Yaya da ya daɗe yana zaton da gaske jininmu ɗaya da ita.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta zaɓen mai, abin da aka zuba mata shi take sha. Ba ta da sauri, amma ba a taɓa barinta a hanya ba sai dai ita ta tsinci wasu. Sababbin motoci nawa ta fizgo daga taɓo, ta kai su tudu, ta juya ta kama gabanta ba tare da ta jira godiya ba. A daminar da gada ta karye, mota ba ta shiga ba ta fita, a tirelarta aka shimfiɗa katifa aka kai yayata asibiti tana naƙuda. Ɗan da aka haifa ranar yanzu shi ma yana da iyali.

Ba za mu ɓoye halinta ba don ta mutu. Da sanyin safiya ba ta tashi sai an tura, shi ya sa kullum a kan gangare take kwana. Fitilarta ɗaya ce, ita ma sai an mare ta take kamawa. Ta tsani fararen kaya: duk wanda ya matso kusa da salansarta da wankakkiyar riga, sai ta yi masa tofin baƙin hayaƙi. Muryarta kuwa, wanda ya zauna a yankin nan ya san ta. Takan fara da tari, kamar tsohuwar da aka tasa daga barci, tuk… tuk… ta yi shiru har ka fid da rai, sannan ta ɗauka, tuk-tuk-tuk-tuk, ƙasa na rawa. Matan gidanmu da wannan ƙara suke ɗora tukunya, da ita suke saukewa.

Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, gonaki an ja igiya an raba, amma tarakta ba ta rabuwa. Dangi suka ce a sayar. Yaya ya ce shi bai taɓa jin inda aka kai gwaggo kasuwa ba. Sai aka bar ta a tsakaninmu: ni tuƙi, Yaya gyara, yayarmu kuma a kai mata rabonta na hatsi duk kaka. Ni da Yaya ba masu hira ba ne, ra'ayinmu ma bai cika haɗuwa ba. Mukan yi wata guda daga gaisuwa sai gaisuwa. Amma a ƙarƙashin Gwaggo dole a yi magana, ko da miƙo sifana ne, ko riƙe nan, ko sake taka mu ji. Yawancin abin da na sani game da yayana, a kwance na ji shi, ƙafafunmu a waje, baƙin mai na ɗiga mana a fuska.

Shi ne likitanta tun yana saurayi. Duk shekara kafin hatsi ya nuna, sai ya ja ta rumfa ya buɗe ta, ya wanke matatar mai, ya ɗaure abin da ya saki, ya shafa giris a kowace gaɓa. Kayan gyaran irinta sun daɗe da ƙarewa a kasuwa. In ka ambaci sunanta a shago, sai mai shagon ya kira babansa ya zo ya ji. Yaya ya taɓa samo gawar wata irinta a bayan gidan wani, muka jawo ta, muka yi ta cire mata sassa ɗaya bayan ɗaya muna sa wa Gwaggo, har waccan ta ƙare sai ƙashi. Daga nan aka koma dabara. Murfin tankinta gwangwanin madara ne. Rabin abin da ke riƙe da ita waya ce da walda.

A ranin da ya wuce ɓarin jikin Yaya ya shanye. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Aka dawo da shi daga asibiti ya kwanta ya juya wa duniya baya, fuskarsa na kallon bango. Matarsa ta yi lallashi ta yi faɗa, in ya ci loma biyu an yi sa'a. Da kaka ta matso na je tayar da Gwaggo, ta ƙi. Na tara mutane muka tura, ta ƙi. Na yi ta fama har rana ta take. Can sai muka ji ana dukan ƙyauren ɗaki da sanda daga ciki. Ashe yana kwance yana jin duk abin da nake yi mata. Muka ɗauko shi a kan kujera muka ajiye a bakin rumfa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaga sandar da hannun hagu ya taɓa bututun mai.

"Iska," in ji shi.

Ita ce kalmar farko da ta fita sarai daga bakinsa tun da ciwon ya same shi. Iska ce kuwa ta shiga bututun. Na kwance na fitar da ita, aka tura, Gwaggo ta yi tarinta ta ɗauka. Matar Yaya tana tsaye a ƙofa, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska ta koma ciki.

Tun daga ranar, kowace safiya sai an kai shi rumfa. Shi ne ido da kunne, ni ne hannu. Ya nuna da sanda, in ɗaure. In na ɗaure ba daidai ba, sandar ta sauka a kafaɗata. A nan ake kawo masa abinci, yana ci da hagu har ya suɗe kwano. Maganarsa ta fara dawowa, duk da rabinta zagina ne.

Ciwon ajalinta ya fara ne ana tsakiyar kwasar masara. Hayaƙinta ya koma fari. Ruwan lagireto ya riƙa raguwa ba tare da mun ga inda yake zuba ba, baƙin mai kuma ya koma kalar shayi mai madara. Sai wata sabuwar ƙara ta ɓullo a ƙarƙashin tsohuwar, tuk-tuk-ƙwas, tuk-tuk-ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin cikinta. Yaya ya saurara ya ce a lallaɓa a gama gonakin tudu da kaya kaɗan-kaɗan, sannan a kwantar da ita a buɗe injin. Fadama kuwa, ya ce kada ƙafarta ta sake takawa bana, don hawan nan ya fi ƙarfinta. Muka gama tudu lafiya. Na wanke ta, na shigar da ita rumfa.

Washegari labari ya zo cewa an yi ruwa mai yawa a can sama, kogi na tahowa. Masu shinkafa a fadama duk sun kwashe tasu, saura mutum ɗaya, Baba Kurma, tsohon da gonarsa ke can ƙarshe kusa da ruwa. 'Ya'yansa sun tafi neman abinci nesa, shi kaɗai ya yanke shinkafarsa ya ɗaure, tana jibge a ƙasa. Taraktocin haya suna manyan gonaki, ba mai juyowa saboda shi. Baba Kurma bai taɓa jin muryar Gwaggo ba, amma yakan cire takalmi ya taka ƙasa, ya san tana tafe kafin masu kunne su sani. Da hantsi ya zo ya tsaya a bakin rumfa, hularsa a hannu. Bai nuna komai ba, bai roƙi komai ba. Ya kalli Gwaggo, ya kalli ƙasa.

Na juya na dubi Yaya, don ba ni ke da ta cewa ba. Yaya ya fi kowa sanin abin da ke cikinta, ya kuma fi kowa sanin abin da zai rasa. Ya miƙa sandarsa ya dafa tayarta. Sannan ya ce, "Auta, je ka. Giya ta ɗaya. Kada ka matsa mata."

Ban matsa mata ba. Muka yi ta sawu, ana loda kaɗan, in hau a hankali, in tsaya in ƙara mata ruwa, in koma. Maƙwabta suka fito suka kama lodi. Zuwa la'asar ruwa ya fara shigowa ƙasan gonar, ya kai idon sawu. Aka tattara ragowar dammunan aka ɗora, suka ɗan fi na sauran sawun, don babu damar dawowa. Baba Kurma ya shige gaba yana nuna mini inda ƙasa ke da ƙarfi. Ta fita daga taɓon. Ta kama hawan. Tuk-tuk-ƙwas. Tuk… ƙwas. Tana ja tana rawa, sitiyari na karkarwa a hannuna, har muka wuce inda ruwa ke tsayawa kowace shekara. Saura ƙiris mu kai bakin hanya sai na ji gam, sau ɗaya. Baƙin mai ya tsiyayo a kan ƙasa. Ba ta koma da baya ba, ta tsaya cak inda take, da kayan mutane a bayanta.

Baba Kurma bai ji ba. Ya ci gaba da tafiya yana yafito mu da hannu, ya yi nisa kafin ya waiwayo. Ya dawo ya ɗora tafin hannunsa a jikinta, ya jira. Da bai ji motsi ba, sai ya zauna a ƙasa a gefen tayarta ya kifa kai a gwiwa. Mutane suka sauke shinkafar suka ƙarasa da ita a ka. Da gari ya waye gonarsa ta zama kogi, amma ko dami ɗaya bai jiƙe ba.

Shanun maƙwabcinmu ne suka jawo ta gida. Aka kira mai walda, ya leƙa ya ga ramin da ƙarfe ya fasa ya fito ta gefen injin, wanda dunƙulen hannu zai shige. Ya ce shi ƙarfe yake liƙewa, ba ya liƙe tsufa. Aka matso da kujerar Yaya. Ya zura hannun hagu cikin ramin ya shafa, ya fito da shi baƙi ƙirin. Na fara cewa ko za a cigita wani injin a wani gari, ya girgiza kai.

"Ta gama nata," in ji shi. "Rufe ta."

Bai zargi kowa ba, ba kuma wanda ya zarge shi. Da Baba Kurma ya turo buhun shinkafa, Yaya ya sa aka mayar masa.

Marigayiyar ta rasu ta bar tirela ɗaya mai ɗingishi, da garma, da injin casa wanda da bel ɗinta yake juyawa, yanzu ya zama maraya ana tsakiyar aiki. Ta bar wata kaza da ta saba yin ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba, wadda har yau take zuwa. Ta bar ni, da ban iya wata sana'a ba. Ta kuma bar Yaya, wanda tun ranar Laraba ya koma ɗaki ya juya fuska bango. An kai masa abinci an dawo da shi yadda aka kai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a rumfar da ke bayan gidanmu. Masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun fara zarya, muna roƙonsu su yi haƙuri su tsaya daga waje, ba za a ɗora ta a sikeli ba. Kwance ta za a yi gaɓa-gaɓa, a mutunce. Na roƙi Yaya ya fito ya nuna yadda za a yi, don ni ban san ta inda ake farawa ba; bai amsa ba, amma bai ce a'a ba. Duk mai tsohon inji da ke bukatar wani abu daga jikinta, ya zo da sifanarsa ya ɗauka kyauta. Kada a sa fararen kaya.

Roƙo na ƙarshe ga masu zuwa ta'aziyya: kada ku wahalar da kanku da kawo mana komai na ci ko na sha. In akwai injin ban ruwa da ya ƙi tashi a gidanku, ko injin niƙa mai tari, ko babur da kanikawa suka gaji da shi, ku ɗauko shi ku zo da shi. Ku ajiye a bakin rumfa, kusa da tagar ɗakin Yaya, ku yi ta ƙoƙarin tayar da shi da ƙarfi, yadda zai ji.